Motocin ƙwanji na Amurka: me ya sa wadda ta fi gudu ba ita ta fi tsada ba?

A watan Yunin 2014, a wani gwanjo da kamfanin Mecum ya shirya a birnin Seattle, an sallama wata Plymouth Hemi 'Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5. A Janairun 2020 kuma wata Ford Mustang ƙirar 1968, da tsatsarta da koɗaɗɗen fentinta, ta tashi a dala miliyan 3.74 a garin Kissimmee na jihar Florida. Wanda ya san mota dole ya yi turus, domin Toyota Camry ta zamani mai silinda shida, irin wadda ta cika titunan Kano da Abuja, za ta bar wannan Mustang a baya idan aka sake su tare, ta fi ta birki, ga shi ko rabin manta ba ta sha. Tun da Dodge ya daina ƙera Challenger, Chevrolet ma ya tsayar da Camaro a ƙarshen 2023, maganar tsofaffin motocin ta sake tasowa, kuma mafi yawan ruɗanin daga wuri ɗaya yake: ana cakuɗa lissafin gudu da lissafin kasuwa, alhali kowanne da ma'auninsa.

## Wace ce motar ƙwanji?

Abin da Amurkawa ke kira "muscle car" mota ce matsakaiciya mai ƙofa biyu, wadda aka cusa mata injin V8 na manyan motoci, tana ja da tayoyin baya, kuma farashinta bai fi ƙarfin saurayi mai albashi ba. Ba don kwana-kwana aka yi ta ba. Aikinta ta harba daga tsaye a miƙaƙƙen titi, shi ya sa ma'aunin da kowa ke ambato shi ne rubu'in mil, wato mita 402: daƙiƙa nawa ta cinye shi.

Lambobin da ke manne da sunayensu, irin su 389 ko 426 ko 454, girman cikin inji ne a ma'aunin inci na Amurka. Inji 389 lita 6.4 ke nan, 426 zuwa 429 lita 7, 440 lita 7.2, 454 lita 7.4, 455 kuwa lita 7.5.

Masu tsananta ma'ana suna ware Mustang da Camaro da Barracuda (wadda ake taƙaitawa 'Cuda) a matsayin wani aji na ƙananan motoci, su ce sai wadda aka sa wa babban inji a cikinsu ce ta cancanci sunan. Corvette kuma motar wasanni ce mai kujera biyu, ba ta cikin dangin. A filin gwanjo dai ba a cika damuwa da wannan rabe-raben ba.

## Shekara takwas kacal

Galibi ana fara lissafi daga Pontiac GTO ta 1964. A 1963 kamfanin General Motors, uwar Pontiac da Chevrolet da Buick da Oldsmobile, ya janye daga tseren motoci, ya kuma hana sa inji da ya wuce 330 a matsakaitan motocinsa. John DeLorean da injiniyoyinsa a Pontiac suka zagaye dokar: ba su kira GTO sabuwar mota ba, sai suka mayar da ita ƙarin kaya da mai saye zai zaɓa a kan Tempest LeMans, a kan abin da bai kai dala 300 ba. Injin 389 ne, ƙarfin doki 325, ko 348 idan an sa masa kafireta uku. An sayar da 32,450 a shekarar farko, a 1966 kuma adadin ya doshi 97,000. Sauran kamfanoni suka bi sahu. Plymouth ya zo da Road Runner a 1968, mota marar ƙawa mai injin 383 da ake samu ƙasa da dala 3,000.

Shekarar 1970 ce ƙololuwa, lokacin da General Motors ya ɗage iyakar 400 da ya sake gindayawa, aka ga Chevelle mai 454 da Buick da Oldsmobile da Pontiac masu 455. Daga nan sai gangara. Kamfanonin inshora sun lafta wa matasa masu irin waɗannan motoci kuɗi mai nauyi. Dokar tsaftar iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi. A 1971 General Motors ya rage matsin injunansa don su iya shan fetur mai ƙarancin dalma, kuma a shekarar ce Chrysler, uwar Plymouth da Dodge, ya sa babban injinsa 426 Hemi a motar titi karo na ƙarshe. Takunkumin mai na ƙasashen Larabawa a Oktoban 1973 ya ƙarasa abin da ya rage. Pontiac Super Duty 455 ta 1973 da 1974 ita ce wutar ƙarshe kafin murhun ya mutu.

## Alƙaluman da ke kan takarda

Nan ne mai karatu ya fi saurin faɗawa rami. Kafin 1972, ana auna ƙarfin inji ne a kan benci, tsirara: babu salansar mota, babu matatar iska, babu fanka ko janaretan caji da ke jan ƙarfi, sannan a gyara lokacin wuta yadda zai fi ba da sakamako. Daga 1972 aka koma auna inji da duk kayan da zai ɗauka a cikin mota. Bambancin ba kaɗan ba ne. A 1971 Chrysler ya buga alƙaluma biyu ga injin 426 Hemi: doki 425 a tsohon ma'auni, 350 a sabo. Inji ɗaya ne, ba a taɓa ko kusa ɗaya a jikinsa ba. Don haka dokin da aka rubuta wa Chevelle ta 1970 ba irin dokin Camry mai 301 ba ne. Haka ma Super Duty mai 290 a sabon ma'auni ba raggo ba ne kusa da yayyensa, sunan kawai ya ragu.

Sai kuma aka samu akasin haka a wasu injuna, inda kamfani ya rage lamba da gangan, don inshora kada ta firgita, kuma don motar ta faɗa aji mai sauƙi a gasar tsere. Ford 428 Cobra Jet an rubuta masa 335. Camaro ZL1 an rubuta mata 430, amma da zarar an cire mata salansar kamfani an sa bututun tsere, ƙarfinta kan wuce 500. Dabarar mai sauƙi ce: a faɗi ƙarfin da inji ke bayarwa a wani juyi da bai kai ƙololuwarsa ba. Ba a yi ƙarya ba, ba a kuma faɗi gaskiya duka ba.

Gwaje-gwajen mujallu ma sai an tace su. Shahararren gwajin da mujallar Car and Driver ta yi wa GTO a 1964, wanda ya ɗaga sunan motar, daga baya Jim Wangers, mai tallata Pontiac, ya amsa cewa injin 421 aka sa a motar gwajin a maimakon 389. Motocin da ake ba 'yan jarida sau da yawa an riga an yi musu gyaran da mai saye ba zai samu a shagon dila ba.

Akwai kuma abubuwa biyu da kan sauya sakamako fiye da doki ashirin ko talatin. Na farko taya. Tayoyin wancan zamani sirara ne masu zaren gicciye, ba su iya riƙe ƙarfin babban inji. Direba ya taka totur da ƙarfi, taya ta yi ta juyi a wuri ɗaya tana hayaƙi. Na biyu giyar aksul ta baya. Mota mai 4.10 tana fizga kamar an harba ta, amma da yake babu giyar hutu a giyabos ɗin lokacin, a gudun kilomita 110 injinta na juyi kusan 3,600 a minti, ga ƙara ga shan mai. Irinta sak mai 3.23 tana tafiya a wajen 2,800, ta fi daɗin doguwar hanya, amma za a riga ta isa ƙarshen rubu'in mil. Duk kwatancen da bai ambaci taya da giyar aksul ba, rabin magana ce.

## Idan aka jera su

Manyan cikinsu duka a daƙiƙa 13 da ɗoriya suke cinye rubu'in mil da tayar kamfani, sauran kuma 14 zuwa 15. Tazarar da ake ta musu a kanta ba ta cika wuce rabin daƙiƙa ba.

Chevelle SS 454 mai injin LS6 ta 1970 ita ce ta fi kowa lamba a takarda: doki 450, ƙarfin murɗawa kusan Nm 680 (ma'aunin nuton-mita), matsin silinda 11.25 da 1. An yi injin guda 4,475. Hemi kuwa inji ne na tsere da aka lallaɓa ya zauna a titi daga 1966. Manyan bawul ɗinsa da kafireta biyu masu maƙogwaro huɗu-huɗu sai a juyi mai yawa suke nuna kansu. A cunkoson gari fulogi kan yi baƙi, kuma har zuwa 1969 sai ana saita bawul da hannu a kai a kai. Shi ya sa da yawa daga masu tseren titi suka fi son 440 mai kafireta uku, doki 390, wanda kuɗinsa bai kai rabin na Hemi ba, ba ya wahalar da bakanike, kuma daga wannan danja zuwa waccan ba a cika barinsa a baya ba.

Buick ce ba a cika kawowa a hira ba, don ana yi mata kallon motar dattawa. Amma GS 455 Stage 1 ta 1970 tana ba da murɗawa kusan Nm 690 tun daga juyi 2,800, kuma mujallar Motor Trend ta auna ta a daƙiƙa 13.38. Wannan lamba ta ajin Hemi ce, a mota mai kujeru masu laushi.

Mustang Boss 429 ita ce misalin da ya fi fito da batun fili. Ford na son shigar da injin a NASCAR, babbar gasar tseren motoci ta Amurka, dokar gasar kuma ta ce sai an sayar wa jama'a aƙalla 500. Injin ya fi ƙarfin gaban Mustang faɗi, sai da aka kai motocin kamfanin Kar Kraft a Michigan aka faɗaɗa musu ciki da hannu. An yi ƙasa da 1,400 a 1969 da 1970. Da ƙaramar kafireta da kamshaf mai sanyi aka sake ta, don haka a titi Mustang mai 428 Cobra Jet kan yi daidai da ita ko ta wuce ta. A gwanjo kuwa Boss 429 na ninka kuɗin Cobra Jet sau da yawa.

Game da birki da kwana, babu gwani a cikinsu in ban da ƙananan da aka yi don Trans-Am, gasar tsere a fili mai kwana-kwana, wato Camaro Z/28 da Boss 302. Da yawa sun fito da birkin ganga a tayoyi huɗu, wanda ke zafi ya saki bayan taka biyu ko uku masu ƙarfi, ga nauyin inji duk a gaba.

## Abin da kuɗin ke bi

Kasuwar masu tarawa ƙaranci take saye, kuma abin da ya yi ƙaranci yau galibi shi ne wanda ya yi kwantai jiya. Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen rufi 14 aka yi wa kasuwar Amurka a 1970, a 1971 kuma duka-duka ba su wuce dozin ɗaya ba. Dalili? Injin kaɗai kusan dala 900 ne a kan farashin mota, sannan mai son tsere ba ya sayen marar rufi, don ta fi nauyi kuma jikinta na murɗewa. Wato wadda ta fi tsada a dangin 'Cuda ba ita ce ta fi gudu ba.

Camaro ZL1 ta 1969 guda 69 ce. Injinta na alminiyom ya haura dala 4,000, ya fi motar kanta tsada, har dilan da ya yi odar 50 daga ciki, Fred Gibb na jihar Illinois, ya kasa sayar da yawancinsu. Plymouth Superbird ta 1970, mai dogon hanci da fiffike a baya, an yi kusan 1,900 don cika sharaɗin NASCAR da kuma dawo da direba Richard Petty gida. Wasu sun daɗe a gaban shaguna ba mai tayawa. Yayarta Dodge Charger Daytona 503 ce, kuma da irinta direban tsere Buddy Baker ya haura mil 200 a awa, sama da kilomita 320, a filin Talladega a Maris ɗin 1970. Wannan tarihin tsere shi ma kuɗi ne.

Bayan ƙaranci sai labari. Mustang ɗin Kissimmee injin 390 gare ta, wanda ba ya cikin zaratan. Abin da aka biya shi ne kasancewarta motar da jarumi Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, da kuma zamanta a hannun iyali ɗaya tun 1974 ba tare da an yi mata kwaskwarima ba. Sannan ƙananan abubuwa na ƙara nasu: giya huɗu ta hannu ta fi otomatik daraja ko da otomatik ɗin Chrysler mai suna TorqueFlite kan fi ta daidaito a tsere, fenti mai ɗaukar ido irin shunayyan da ake kira Plum Crazy ya fi ruwan ƙasa, kuma sunan kamfani na da tasiri. Motocin kamfanin American Motors (AMC), irin su Rebel Machine da aka yi 2,326 kacal, da Buick da Oldsmobile da Mercury, sukan zo da rahusa idan aka gwada da Chevrolet ko Plymouth masu gudu iri ɗaya.

## Takarda ta fi ƙarfe

Tunda Chevelle Malibu da Chevelle SS jiki ɗaya ne, haka LeMans da GTO, mayar da mai araha ta zama mai tsada aikin tambari da fenti da inji ne kawai. Idan mai sayarwa ya faɗi gaskiya, kwaikwayo ce halastacciya mai farashinta. Idan ya ɓoye, zamba ce, kuma kasuwar cike take da ita.

Kowane kamfani da hanyar tantance nasa. Motocin Chrysler sun fi sauƙi, domin harafi na biyar a lambar shasi yana faɗin injin: a 1970 da 1971, R na nufin Hemi, V kuma 440 mai kafireta uku. Akwai kuma ƙaramin faranti a cikin gaban mota da takardar haɗi da akan tarar a maƙale a ƙarƙashin kujera. Ford daga 1967 ana samun rahoton Marti, wanda aka ciro daga bayanan kamfanin. Pontiac na da ma'ajiyar PHS mai kwafin rasiɗin asali. Chevrolet ce matsala: lambar shasin Chevelle ta 1970 ba ta nuna ko SS ce ko LS6 ba, sai an dogara da takardar haɗi, wadda wani lokaci ke saman tankin mai, ko katin garanti na ƙarfe. Shi ya sa LS6 marar takarda ke faɗuwa ƙasa warwas a farashi, komai kyanta.

Daga 1968 ana buga wani ɓangare na lambar shasi a jikin inji da giyabos. Idan suka dace, motar na ɗauke da injinta na haihuwa, abin da ba kasafai ake samu ba a motocin da matasa suka yi ta fasa wa inji. 'Yan damfara kan goge wurin su sake bugawa. Masu bincike sukan duba layukan da injin kamfani ya bari a fuskar ƙarfen, da siffar haruffa, da ranar da aka zuba bulok ɗin, wadda dole ta riga ranar haɗa motar da 'yan makonni. Inji da aka zuba bayan an gama mota ya tona asirin kansa.

## Masu ajiya da masu tuƙi

Ɓangare ɗaya na ganin darajar motar tana cikin zamanta yadda ta fito, har da alamar alli da ma'aikaci ya yi a ƙarƙashinta. A wurinsu, wadda ba a taɓa sake wa fenti ba ta fi wadda aka gyara ta koma sabuwa, don asali sau ɗaya ake samunsa. Ɗaya ɓangaren na cewa mota don tuƙi aka yi ta: a bar jikin 1969, a sa injin zamani mai allurar mai, birkin faifai, giya biyar ko shida, da na'urar sanyi. Irin waɗannan sun fi na asali gudu da aminci nesa ba kusa ba, kuma waɗanda fitattun gareji suka haɗa suna kawo kuɗi sosai a gwanjon Barrett-Jackson. Rauninsu shi ne suna tsufa kamar kowace fasaha. Abin da ake yayi bana tsohon yayi ne bayan shekara goma. A aikace an kusa cimma matsaya: ba a yanka mota mai tarihi, ana yi wa gama-garin ne. Inda rigima ta rage shi ne sababbin jikuna da kamfanin Dynacorn ke bugawa na Mustang da Camaro. Idan aka ɗauke farantin lamba daga ruɓaɓɓiyar mota aka manna a sabon jiki, wasu na cewa gyara ne, wasu na cewa wata mota ce daban, doka kuma a wurare da yawa ta hana cire farantin.

Masu saye don riba kuma suna da nasu darasin. Farashi ya yi tashin gwauron zabi a tsakiyar shekarun 2000, ya rikito bayan rikicin kuɗi na 2008, ya sake tashi daga 2020. Da yawa daga masu kashe kuɗi a kansu mutanen da suka yi samartaka a shekarun 1960 ne, masu tasowa kuma hankalin da yawansu na kan motocin Japan na shekarun 1990.

## Abin da mai saye zai tarar

Tsatsa ta fi lalacewar inji cin kuɗi. A Mustang, wadda jikinta da shasinta haɗe suke, ana duba kwatamin ƙasan gilashin gaba: a zuba ruwa, idan ya ɗigo a ƙafar direba, aikin walda ne babba. A motocin Chrysler ana duba kasan but da ƙarafan baya. A Chevelle da GTO, gefen gilashin baya ne, musamman masu rufin leda. Maganaɗisu da ya ƙi kama jikin mota yana nuna an cike wurin da ƙullun gyara. Cikakken gyara kan ci awa dubu ko fiye, kuma ga mota gama-gari kuɗin aikin ya kan wuce abin da za a sayar da ita.

Injunan an yi su ne don fetur mai dalma mai ƙarfin oktan kusan 100. Da man yau, inji mai matsi 11 zai riƙa ƙwanƙwasa har ya huda fistin idan ba a ja lokacin wuta baya ba ko a rage matsin. Mazaunin bawul na buƙatar zobe mai tauri. Kamshaf ɗinsu na son baƙin mai mai sinadarin zinc da yawa, wanda aka rage a man zamani. Rashinsa na cinye kamshaf cikin ɗan lokaci. Fetur mai gaurayen ethanol na narkar da tsofaffin robobi, zafi kuma na tafasa mai a cikin bututu mota ta mutu a cunkoso. Shan mai lita 20 zuwa sama ne a kilomita 100.

Ga mai tunanin kawo irinta Najeriya, sitiyarin hagu ya dace da hanya, sassan Mustang da Camaro da Chevelle kuma har yau ana buga sababbi. Amma akwai dokar da ta iyakance shekarun motar da za a shigo da ita, kuma tsarin kwastam na kimanta haraji da lambar shasi an gina shi ne kan lamba mai harafi 17, wadda sai 1981 ta zama ƙa'ida. Ta waɗannan motocin galibi 11 ce ko 13. Fetur iri ɗaya ne a gidajen mai, babu zaɓin mai ƙarfin oktan, don haka inji mai sauƙin matsi na 1971 ko 1972, da babban lagireto na alminiyom, ya fi LS6 ko Hemi dacewa da zafin watan Afrilu.